Likkafanin Tabawa

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar jinya? Na ga dai har yau ba ki mutu ba."

"Gajiya ta bi lahiya, angon banza. In mutu in bar ma wa kai? Wace mace za ta kwashi waɗanga kunnuwa naka?"

Aƙilu yana tsaye riƙe da igiyar jaki a bayan wani jerin duwatsu, kakarsa Tabawa kuwa tana ɗaya gefen, a bakin 'yar bukkar kara da ke gindin aduwa. Ita ta haifi ubansa. Tun yana rarrafe take ce masa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake tambayarta ranar da za ta mutu a daka gumbar sadaka ya ci. Mutanen garinsu, can kan dutse kusa da Allakai, sun daɗe da daina raba su.

Ranin wannan shekara agana ta shigo Adar. Ta bi kasuwanni daga Madawa har Buza, kafin masu lambar rigakafi na lokotoro, wato likita, su hawo dutse da dawakinsu ta riga su isowa. Dattawan gari suka yanke magana: duk wanda ciwon ya kama a fitar da shi bayan gonaki, kada kowa ya yi jinyarsa sai wanda ya taɓa yin ciwon ya tashi. Da ƙuraje suka feso wa Cima, ɗiyar Aƙilu ta fari, 'yar shekara bakwai, Tabawa ba ta tsaya shawara da kowa ba. Fuskarta duk zanzana ce tun tana budurwa. Ta goya yarinyar, ta ɗauki wani ƙunshi a hammata, ta fita.

Ita ta jera duwatsun nan da hannunta, kuma wallahi ko kumandan na Nasara bai kai ta tsare doka ba. Fura sai dai Aƙilu ya tsiyaya daga ƙwaryarsa zuwa tata, ba tare da bakin ƙwarya ya taɓa ɗan'uwansa ba. Abin da ya ƙetare duwatsu ya ƙetare ke nan, ko ludayi ne ba ya dawowa. In zai koma gida sai ya wanke hannu da toka tana kallo, don a gida akwai matarsa Mariama da jinjirinsu Isaka, ba wanda ya taɓa yin ciwon a cikinsu, har shi kansa. Ranar da jikin Cima ya yi tsanani ya ji kukanta ya zabura zai tsallaka, tsohuwar nan ta ɗirka masa dutse a ƙauri. Har yanzu wurin bai daina tsami ba.

Yau kuwa ɓawon ƙuraje ya gama zuba. Yau ne ranar wanka da ƙona bukka da komawa gida.

"Mi ka kawo ma amaryarka?" in ji Tabawa, tana ƙanƙance ido.

"Tulun ruwa biyu, sabulun salo, toka, zane biyu, da garwashi cikin kasko."

"Ba goro?"

"Da wane haƙori za ki ci shi?"

"Da wanda na tauna maka tuwo kana zubar da yawu! Kai dai Allah ya sawwaƙe. Matan gari an kai masu miji, ni an kawo mini mai jaki. Jakin ma ya hi ka kyan tahiya."

"To ki aure shi mana. Na yahe mishi ke, ko sadaki ba ni so."

"Da shi na aura da na huta. Shi aƙalla in ya yi kuka an san yunwa yake ji."

Wata 'yar murya ta fito daga cikin bukka. "Baba!"

Cima ta leƙo. Ta rame, kanta an aske, fuskarta duk tabo jajaye, amma idanun nan biyu garau suke, tana ganinsa sarai. Aƙilu ya kau da kai. Ya so ya ce wani abin dariya, abin ya ƙi zuwa, sai ya shiga gyara igiyar tulu wadda ba abin da ya same ta.

"Koma ciki, 'yar nan," Tabawa ta ce. "Ubanki shina kuka, kada ki gani ki raina shi."

"Hayaƙin garwashi ne."

"Awo, hayaƙi. Garwashin da ko tururi ba ya yi."

Ya sauke tuluna ya jera su a kan iyaka, ya ɗora zannuwan a kan wani faffaɗan dutse. Tabawa ta shiga tattara kayan jinya tana jefawa cikin bukka: tabarma, ƙwarya, ludayi, tsummokara, har da 'yar tsanar kara da ta yi wa yarinyar. Tana yi tana mita, wai duk dukiyarta za ta ƙare a wuta saboda ta auri matsiyaci. Aƙilu yana dariya, sai ya ga ta juya masa baya, ta miƙa hannu cikin rassan aduwa, ta zaro wani farin ƙunshi ta cusa a hammata, ta ja mayafi ta rufe.

Dariyar ta tsaya masa. Ya san ƙunshin nan. Duk gidansu ba wanda bai san shi ba.

Likkafaninta ne. Ita ta gurza audugar, ta shiɓe, ta kaɗa zaren a shekarun da idonta ke gani, siriri kamar gashi. Mijinta na gaskiya, marigayi Bawa masaƙi, kakan Aƙilu, shi ya saƙa, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya sauka daga masaƙarsa. A cikin tukunya take ajiye shi da ganyen da ke korar asu. Aƙilu yana yaro ya sha sace shi ya ɓoye a rumbu, ya ce ba zai bayar ba sai an fanshe shi da ƙuli-ƙuli.

"Amarya, mi ke ga hammatarki?"

"Hammata."

"Ta yi ƙiba kwanan nan."

"Hurar matarka ce, duk tsaki, nan take taruwa."

"Na ga hwarin abu."

"Ka ga hurhura. Tsohuwa ko'ina hurhura gare ta."

"Kaka."

Ba ya ce mata Kaka sai magana ta kai magana. Sai ta fito da ƙunshin ta rungume shi a ƙirji.

"To ka gani. Sai mi? Kayana ne. Ba kai ke ƙorahin na ƙi mutuwa ba? In na ƙona shi da mi za ni tahi?"

"Mi ya kawo shi nan tun hwarko? Ko kin yi shirin tsere mini ne ba sallama?"

Tabawa ta waiga wajen bukka, ta rage murya.

"Ba don ni na ɗauko shi ba, Aƙilu. Ranar da na goyo yarinyar ga, jikinta kamar tukunya bisa murhu, ban sa rai da ita za ni komo ba. Na ce in abin ya zo, ba ni aika maka ka bi gari kana neman ƙyalle da hawaye. In yanka mata rabi, in bar ma kaina rabi. Ni ba tsawo gare ni ba."

Aƙilu ya ɗaga kai ya dubi rassan itacen. Duk kwanakin nan yana zuwa yana tsiyaya fura yana zolayarta, ashe abin da ke rataye a kan aduwa ke nan. Tausayin tsohuwar ya kama shi, da kunya, da wani tsoro na abin da ya riga ya wuce.

"Da ƙurajen sunka hwashe," ta ci gaba, "tabarma na manne mata ga baya, in ta motsa sai ihu. Ba ni da wani abu mai laushi sai shi. Na shimhiɗa mata, na lulluɓe ta da sauran. Cikinshi ta kwana, cikinshi ta tashi, har Allah ya ɗauke mata. Ka ga kuwa ai ya yi aiki."

"Ya yi aiki, Kaka. Shi ya sa ba ya shiga gari."

"Na wanke shi! Da toka na wanke shi, na sake wankewa, na shanya ga rana har ya yi ƙamshi. Duba ka gani, ko ɗigo babu."

"Ludayin da kinka jehwa cikin bukka yanzu, ba ki wanke shi ba?"

"Ludayi ludayi ne."

"Tabarmar hwa?"

"Kai, rabu da ni! Ka taɓa ganin an kaɗa tabarma da mazari?"

"Kin tuna Ado na wajen Keita, mai kawo mana gishiri? Rigar wanshi ya gada, wanda agana ta kashe. An wanke ta tas, an shanya, ya sa ta ranar Juma'a. Yau gidan Ado in kin yi sallama, ba mai amsa miki sai uwarshi."

"Ado ƙazami ne tun asali. Wa ya san irin wankin da sunka yi?"

"Isaka ko zama bai iya ba, Kaka. Ɗakinki yake wuni. Tukunyar da kike aje wanga abu, nan gindinta Mariama ke kwantar da shi in za ta daka."

Tsohuwar ta ƙara matse ƙunshin. Amma ba ta sauko ba.

"Kai yaro ne, ba ka san abin da nike tsoro ba. Tun da Nasara sunka hwara yaƙinsu, ko taƙin yadin akoko ka gani kasuwar Buza? Audugar da munka noma an kwashe. Bara da idona na ga an naɗe Goggo ta gidan maƙera cikin tsohuwar tabarma, ƙahwahunta waje. Matar da ta aurar da ɗiya takwas! Ni ban roƙi kowa komi ba tun da nike. Ba ni so ranar da ba ni iya magana a bi gida gida ana roƙa mini abin ruhe jiki. Kuma idon ga ya tahi, ko ka ba ni auduga ba ni iya kaɗa wani. Hannun kakanka kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba. Aƙilu ya san duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ma yana wajen jana'izar Goggo. Ya dubi ƙunshin, ya dubi hanyar gari. Ya san halin kakarsa: in aka ja da ita da hujja, sai rana ta faɗi suna nan. In ya ce zai kira mai gari, ta shiga da abin a ɓoye cikin zane, kuma ba mai laluben tsohuwa.

Sai ya saki igiyar jaki.

"To shi ke nan, amarya, kin yi gaskiya. Tunda kin ce ya wanku, ya wanku. Wa ya hi ki sanin wanki? Kawo in riƙa miki ki yi wanka. In ya so in sa shi cikin rigata, nan ga ƙirji, in kai miki har ɗaki."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake duwatsun. Ya miƙa hannu sosai, har yatsunsa suka kusa taɓa farin ƙyallen.

"Kul!"

Tabawa ta yi baya da wani irin tsalle da ba wanda zai ce ƙafafunta za su iya. Ta maida ƙunshin bayanta, ta duƙa ta rarumi dutse.

"Kada ka taɓa! Koma! Koma na ce, ɗan banza, ko in hwasa maka ɗaya ƙaurin! Hauka kake? Kai da ba ka taɓa yin ciwon ba!"

Aƙilu ya ja da baya, ya koma bayan iyaka. Jaki ya kaɗa kunne, Cima ta sake leƙowa ta ga abin da ya sa ake ihu. Tsohuwar tana tsaye, dutse a hannu ɗaya, likkafani a ɗaya, tana haki. A hankali ta dubi hannun da ta ɓoye a baya, kamar ba nata ba.

"Ashe wankin bai yi ba?" Aƙilu ya tambaya a hankali.

Dutsen ya faɗi daga hannunta. Ta zauna a kan saiwar aduwa, ta ɗora ƙunshin a cinya, ta daɗe tana shafa shi. Can sai ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye.

"Allah ya isa tsakanina da kai. Makirin banza. Halin kakanka ne sak, shi ma bai taɓa cin gardama da baki ba, sai da wayo."

"Ni da ko jaki ya hi ni?"

"Ya hi ka har gobe. Shi bai tsallake ba." Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma ta ƙura wa ƙafafunsa ido. "Tsaya. Waɗanga takalma, ba sababbi ba ne?"

"Na Buzaye ne, jiya-jiya na karɓo su wajen baduku."

"Sun taka cikin iyaka."

"Taki ɗaya ne, Kaka!"

"Abin da ya ƙetare duwatsu ya ƙetare. Wa ya gama yi mini wa'azin ludayi yanzu? Tuɓe ka jeho su. Ka wanke ƙahwa da toka har idon sawu, ina kallo."

"Hanya duk ƙaya ce da tsakuwa mai zahi!"

"Ka hau jaki. Au, na manta, amarya da ɗiyarka za su hau. Jeho!"

Haka ya tuɓe takalman nan yana ƙunƙuni, jar fata da ko laushi ba ta yi ba, ya wurga su ƙofar bukka. Tabawa ta tura su ciki da sanda, kuma kowa ya ga ranta ya ɗan yi sanyi.

Ta ja Cima bayan aduwa da tulu da sabulu. Aƙilu ya juya baya yana cuɗa ƙafa da toka, yana jin yarinyar tana ƙyalƙyala dariya saboda sanyin ruwa, tsohuwar tana yi mata faɗan ta tsaya a wanke bayan kunne. Da aka gama da ita aka ɗaura mata sabon zane, aka tsayar da ita a kan faffaɗan dutsen nan. Tabawa ta koma ta kwashe tsofaffin zannuwa ta jefa cikin bukka, ta juye garwashi a gindin kara. Wuta ta kama nan da nan.

Ƙunshin ne ya rage. Ta warware shi, ta kama gefe biyu ta ɗaga, iska ta buɗe shi fari fat, saƙar nan lumui ba ƙulli ko ɗaya.

"Dubi aiki," ta ce. "Kai dube shi da kyau, don ba ka sake ganin irinshi, balle ka saƙa. Bawa, ka yi haƙuri. Ɗiyar jikanka ta riga ni sawa, kuma ta tashi."

Ta dunƙule shi ta jefa tsakiyar wutar da hannunta. Ba ta kau da kai ba har ya cinye. Sannan ta ɗauki ɗaya tulun ta koma bayan itace, ta yi nata wankan, ta daɗe tana yi.

Da suka tsallako, Aƙilu ya durƙusa ya rungume Cima. Ba nauyi gare ta ko kaɗan. Ya shafa kanta, ya shafa tabon fuskarta, wannan karon bai ce hayaƙi ba ne, ko da yake hayaƙin yana nan. Ya ɗora ta a kan jaki, ya juyo wajen kakarsa, wadda ke tsaye cikin sabon zane, hannuwanta biyu a sake ba abin riƙewa. Bai taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba.

Ya laluba cikin burgamin da ke rataye a wuyansa, ya fito da wani ɗan mazari sabo. Ya saya ne don Cima ta yi wasa da shi ranar komawa gida. Ya miƙa wa tsohuwar.

"Ungo goron da kinka tambaya."

Ta juya shi a hannu. "Mazari? Ba'a kake yi mini? Na ce maka ba ni gani."

"Ke ba ki gani, ita tana gani. Akwai 'yar audugar da na ɓoye cikin rumbu, badi kuma in shuka bayan gida. Ke ki koya mata kaɗi, ni in saƙa. Ita ta ɓata miki naki, ita za ta biya."

"Wagga? Yarinyar da ba ta san damanta da hagunta ba? Kahin ta iya zare mai kyau ai sai ta yi aure!"

"To ina saurin?"

"Sannan kai ka saƙa? Kai da saƙarka kaza ke wucewa ta cikinta ba ta taɓa gehe ba? A kai ni gaban kakanka cikin wanga abin kunya, ya tambaye ni wa ya yi, in ce jikanshi?"

"Sai ki zauna ki tsare mu har mu iya."

Tabawa ta dube shi, ta dubi yarinyar da ke kan jaki tana miƙo hannu tana son a ba ta mazarin. Ta murza shi sau ɗaya tsakanin yatsunta, ya juya lafiya lau. Sai ta fashe da dariya har tana tari, ta soke shi a ƙugu.

"Shi ke nan, ka ja ma kanka. Na hwasa mutuwa. Gumbar da kake jira, sai dai ka ci ta da dasashi. Ɗora ni bisa jakin ga, kuma ka bi a hankali, ango, na ga ƙaya gabanka."